Neman wa Inna Barci a Hayin Iyaka

Tun da aka share makokin Inna, duk wanda ya zauna a bencin shagona a kasuwar Sabon Birni sai ya ɗauko maganar. Wani ya ce, "Alhaji Garba, an ce har Nijar kunka kai ta. Mi anka yi muku can wanda ba a yi nan?" Wani kuma yana da nasa mara lafiyar kwance a gida, sai ya yi tambayar yana kallon ƙasa. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa tsakanin awon gero da na wake, shi ya sa za ni rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya huta da ni. Ni ba malami ba ne, dillalin hatsi ne. Da tiya ɗaya, kwanon awo, na fara a bakin tasha, yau ina loda mota zuwa Nijar. Abin da idona ya gani shi za ni faɗa, har da wurin da na tafka wauta.

Inna ita ta haife ni, kuma ni ne ɗanta na fari. A Unguwar Lalle take zaune, a ɗakin da aka kai ta tun tana amarya. Mace ce ta dā. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "mai hatsi", kuma ko abinci ba ta ci in ina wurin. Ƙari ya fito mata a mama, ta rufe shi da zane fiye da shekara ba wanda ya sani. Ƙanwata Luba, wadda ke aure a Isa, ita ta gano da ta zo ganin gida ta ce sai ta cuɗa mata baya. Ta kira ni a waya tana kuka, ta ce abin ya riga ya fashe, kuma Inna ta daɗe ba ta barci, a zaune take kwana tana jan carbi.

Muka fara da wani ƙaramin asibiti a nan kusa. Ma'aikacin da ke wurin mutumin kirki ne, bai ɓata mana lokaci ba. Ya duba, ya fito ya ce mini wannan ya fi ƙarfinsu, ya rubuta takarda zuwa Sakkwato, ya ba da farasitamol. Na ce masa ba wani abu mai ƙarfi da zai sa ta runtsa? Ya buɗe mini kabad ɗinsa in gani da idona. Maganin zazzaɓi ne da na tsutsar ciki da auduga.

Na ɗauki shatar motar Na'Allah, direban da ke yi mini jigila tun ina ɗaukar buhu biyar. Muka cire kujerar baya muka shimfiɗa katifa. Muka bi ta Isa don Luba ta ɗauki kayanta ta bar wa makwabciya yara. A nan muka tarar da motoci sun yi layi, ba mai tashi sai an taru, saboda 'yan bindiga. Kowa ya san wannan a ƙasarmu, ba sai na tsawaita ba. Sai da rana ta ɗaga aka sake mu, muka tafi a jere kamar tumaki. Na'Allah ya iya tuƙi, amma hanyar ba ta san gwani ba. Duk ramin da muka faɗa sai in leƙa madubi, in ga Inna ta rufe ido, ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, ashe da ɗan dama-dama. Da taya ta yi faci muka tsaya, Luba ta ja ni gefe ta nuna mini bakin mayafin Inna. Ta tauna shi har ya huje.

Shingaye kuwa ban ƙirga ba. A wani, mai kaki ya leƙo ya ga tsohuwa kwance, ya ce a ɗaga katifa ya ga abin da ke ƙasa. Na'Allah ya ce, "Yallaɓai, ƙarƙashinta ba komi sai tsatsa, ita ma ta gado ce." Mutumin ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Da ni na amsa, da mun kwana a wurin.

A Sakkwato muka sauka gidan wani abokin cinikina, ya ba matan ɗaki, ni da Na'Allah muka raba zaure. Asibitin babba ne, irin wanda mutum zai ɓace a cikinsa da rana tsaka. Kwana biyu muka yi kafin mu ga likita: yankar kati a nan, hoto a can, jini a wani gini da ke bayan wani gini. Majinyata sun kafa zango a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro da tukwanensu da tabarmi. A nan na haɗu da wani mutumin Tsamaye, Malam Bawa, wanda ya kawo matarsa tun kafin a yanke gero. Ya san kowace ƙofa da sunan mai tsaronta. Shi ya ce mini, "In sunka ce ba a iya aiki, kada ka tashi. Ka tambayi sashen rage raɗaɗi. Akwai shi, amma ba su faɗa sai ka tambaya."

Haka kuwa aka yi. Likitan ya ɗaga hoton a fitila, ya ce ciwon daji ne, ya shiga ƙashi, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ce, "Alhaji, ku kai ta gida ku yi ta addu'a."

Na ce, "Likita, addu'a tun gida muke yin ta, ba mu zo Sakkwato koyonta ba. Ban ce ka warkar da ita ba. Matar nan ba ta barci."

Sai a lokacin ya ambaci sashen. Ya ce akwai masu kula da waɗanda ciwonsu ba ya warkewa, suna da magani mai ƙarfi da ake kira mofin, amma ba a shiga haka kawai. Sai an yanki tsoka an auna, sakamako ya fito a rubuce cewa dajin ne. Sai shi ya rubuta musu takarda. Sannan su su gwada ta su gani ko zafin ya kai a ba ta. Na ce, kai da bakinka yanzu ka ce dajin ne. Ya ce shi ya sani, takarda ce ba ta sani ba.

Mako uku muka yi jiran takardar nan ta sani. Ni ina sayen hatsi, ina sa hannu a buhu in gaya maka na bana ne ko na bara, ba na cewa manomi ya koma gida sai an aika da ƙwaya uku birni an auna. Amma ga mace jiki na ruɓewa, kowa na jin wari, an ce a jira hatimi. Luba tana saya mata shinkafa da wake a bakin ƙofa, ba ta iya haɗiya. Muka koma kunu, shi ma cokali uku. Matar Malam Bawa ta rasu a mako na biyu, nata sakamakon bai fito ba. Ya zo ya yi mini sallama ya bar mana murhunsa.

Ranar da aka kira mu sashen, mai tsaron ƙofa ya ce mutum ɗaya ke shiga da mara lafiya. Luba ta miƙe. Na ce ta zauna. A ganina wannan wurin ciniki ne, kuma a gidanmu ni ne mai bakin ciniki. Luba in ta ga farar riga muryarta rawa take yi. Ta buɗe baki za ta yi magana, na galla mata harara, ta koma ta zauna. Wannan ita ce wautar da na ce za ni faɗa.

Likitan ciki matashi ne, Bahaushe, da tarin fayil a gabansa. Ya gaida Inna da ladabi, ya ce, "Hajiya, yaya jikin?"

Ta ja mayafi ta ce, "Da sauƙi. Mun gode Allah."

"Ina ke miki ciwo?"

"Tsufa ne dai."

"Kina samun barci?"

"Ana taɓawa."

Ya ɗauko wani kwali mai zanen fuskoki a jere, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye, ya ce ta nuna wadda ta yi kama da abin da take ji. Inna ta dubi kwalin, ta saci kallona ta gefen ido, ta ɗora yatsa a kan ta biyu daga mai murmushi.

Na ce, "Likita, wallahi ba haka ba ne. Matar nan mayafi take taunawa."

Ya ce, "Alhaji, ba kai ne mara lafiyar ba." Ya ci gaba da rubutu. Na matsa, na ce a ba ta mai ƙarfin, ko me ake bukata za ni yi. Ya ajiye biro ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce sun saba ganin 'yan uwa da suka fi mara lafiya son maganin nan, kuma sun san inda yake ƙarewa. Wato ni, da furfurata, na ɗauko uwata na kwantar a bayan mota na ratsa dajin 'yan bindiga don in samu ƙwayar sayarwa. Ban taɓa jin zagi irin wannan ba, kuma a gaban Inna. Ya rubuta cewa zafinta kaɗan ne, bai kai ba, a ci gaba da farasitamol, a dawo bayan wata guda. Wata ma'aikaciya ta bi ni waje ta ce in yi haƙuri, ko da ya rubuta ma, maganin a kulle yake, waɗanda ke kan gado ake fara ba, gado kuma babu.

Abin da ya ƙarasa ni a tasha ne. Muna ɗaure kaya, wani matashi da jajayen idanu ya matso ya buɗe mini tafin hannu, ya ce, "Alhaji, ko kana son ta ƙarfi?" Taramol ce, irin wadda 'yan acaba ke watsawa a baki kamar gyaɗa. Ga ta nan a fili, ba kati, ba hatimi, ba mai tambayarsa wace fuska ya zaɓa. Ƙato lafiyayye yana samun abin da zai bugar da shi a kowace kwana, tsohuwa mai ciwon ajali an ce ba ta cancanta ba. Ba za ni ɓoye ba, na yi tunanin saye. Luba ce ta ce ba a san abin da ke cikinta ba, kada mu kashe Inna da hannunmu.

Muka dawo Unguwar Lalle. Kwana huɗu da dawowa na yi waya da Alhaji Isufu, wanda nake kai wa gero a wani gari na ƙasar Maraɗi, shekara da shekaru muna hulɗa. Na ba shi uzurin jinkirin kaya, na gaya masa dalili. Ya ce, "Kai ko, mi ya hana ka faɗa tun farko? Akwai wani ƙaramin asibiti nan kusa da mu, can anka kai yayata. Ba su warkar da ita ba, amma ta yi barci har ta cika. Ku taho."

Iyakar nan na ƙetare ta ya fi a ƙirga, amma da buhuna, ban taɓa yi da mara lafiya ba. Buhu ya fi sauƙi. A ɓangarenmu aka duba, aka karɓi abin goro, muka wuce. A nasu ɓangaren jandarma ya ce kowa ya kawo katin shaida. Ni da Luba da Na'Allah muka miƙa. Inna ba ta da shi, ba ta taɓa yi ba. Ya ce to ba ta shiga. Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Jandarman can ba a yi musu surutu, wannan na daɗe da sani. Ya zagaya bayan mota ya leƙa, ya ga zanen Gobir a kumatunta, ya tsaya. Ya tambaye ta gidan wa take. Ta faɗi sunan kakanta da garin da ya fito, ashe a hayinsu yake. Ya gaishe ta da "Inna" kamar yadda muke yi, ya rubuta sunanta a wata 'yar takarda ya buga hatimi, ya ce mu nuna in za mu fita. Ya ce da ni, "Kai ɗan Najeriya, ka yi wa tsohuwa kati. Ba kullum za ka iske ni ba."

Alhaji Isufu ya sauke mu a gidansa. Matarsa ta kwashe kayanta ta bar wa Inna ɗakinta. Da safe aka kawo dogon burodin nan nasu mai tauri kamar sanda, da shayi a ƙaramin kofi, ɗaci kamar maɗaci. Na'Allah ya ce burodin nan in taya ta sake faci da shi zai ɗaga mota. Da rana dambun zogale, wanda suke cewa kwabto, da fura mai kyau wadda ban sha irinta ba tun ina yaro. Su da mu duk abu ɗaya ne, harshe ɗaya, zane ɗaya, amma akwai bambanci. Likita lokotoro suke ce masa. Ƙarfe uku na yamma su ce ƙarfe goma sha biyar. Da azahar kuwa kowa ya rufe ofis ya tafi gida ya kwanta, ko sarki ne a layi.

Asibitin bai kai rabin kasuwarmu ba. A ƙofa ake ba da lamba a guntun kwali. Na ga mutum goma sha wani abu a gabanmu, na lallaɓa wurin mai ba da lambar na dunƙula masa wani abu, yadda aka saba. Ya buɗe hannuna ya mayar mini, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Alhaji, nan ba Najeriya ba ce." Matan da ke layi suka yi ta dariya. Na koma na zauna da lambata. Kada wani ya ɗauka can aljanna ce, na sha ba duwan ɗinsu, wato kwastan, abin goro a kan buhu. Amma a wannan ƙofar dai ba a karɓa.

Da aka kira mu, na sake miƙewa, don har lokacin ban gane komai ba. Wadda muka tarar wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce, Madam Rabi, gajera, da tabarau a ɗaure da zare. Ta karɓi takardun Sakkwato ta ajiye gefe ba ta buɗe ba. Ta gaida Inna, ta ce yaya jiki. Inna ta ce da sauƙi. Madam Rabi ta dube ta, ta dube ni.

"Alhaji, kai mi kake gare ta?"

"Ɗanta ne."

"Na nawa?"

"Na fari."

Ta cire tabarau. "Kuma kai ka shiga da ita wurin lokotoro a Sakkwato?"

Na ce ni ne.

"To tashi ka hita. Ba ta da ɗiya mace?"

Na ce tana waje. Ta ce in turo ta, ni kuma in tafi can gindin bedi, wato dogon yaro, inda ba za ni ji komai ba, kada in raɓe a bakin ƙofa. Na so in yi gardama. Ta ce, "Alhaji, wagga mata ta haihe ka ba ta yi kuka ba don kada a ce ta yi raki a kanka. Yau kake son ta buɗe ƙirji gabanka ta ce wayyo? Kai ba Bagobiri ba ne?"

Na fita. Na zauna a gindin itacen nan fiye da awa guda, ina tuna yatsan Inna a kan kwalin Sakkwato da kallon da ta yi mini kafin ta ɗora shi. Ni da nake taƙama ba a yi mini rufa-rufa a ciniki, abin da kowace tsohuwa a Unguwar Lalle ta sani ya wuce ni. Na biya mota, na biya awo, na yi faɗa da likita, ashe ni ne ƙofar da ta rufe. Amma ba za ni ɗauke wa likitan can nasa kason ba. Bahaushe ne, uwa ta haife shi. Tambaya ɗaya matar nan ta yi ta gane. Shi bai ɗaga kai daga fayil ba balle ya yi ta.

Luba ta fito idanunta sun kumbura. Ta ce ƙofa na rufuwa Inna ta fashe da kuka, ta ce ji take kamar ana zuba mata garwashi a ƙashin baya, ta ce ta fi wata biyar tana roƙon Allah ya ɗauki ranta kafin asuba. Madam Rabi ta wanke ciwon da hannunta, ta barbaɗa wani magani da ya kashe warin, ta kira lokotoro ya duba ya sa hannu. Ba su nemi sabon awo ba. Aka ɗiga wa Inna mofin a baki, na ruwa ne, da sirinji marar allura. Kafin la'asar tana kwance a tabarma a barandar asibitin tana barci, baki buɗe, har da minshari. Luba ta zauna tana kore mata ƙuda tana dariya tana hawaye.

Kwana biyar muka yi suna daidaita mata awon. Suka koya wa Luba yadda za ta ja maganin zuwa layin da aka nuna, sau nawa a yini, da abin da za ta ba ta don kada ciki ya ɗaure. Madam Rabi ta tambayi Inna ko ta san abin da ke damunta. Mu da muka yi ta ɓoye mata, muna cewa gyambo ne. Inna ta ce ta sani tun kafin mu sani, ita dai a mayar da ita ɗakinta, ba ta son ta cika a gidan mutane.

A nan muka yi karo da tasu dokar. Kwalba ɗaya suke bayarwa, ta kwana goma sha biyar. In ta ƙare a dawo da kwalbar da katin asibitin, a ba da wata. Na ce Madam, kin san hanyarmu, ki ba mu ta wata guda. Ta ce ba ta da iko, ƙirga musu ake yi, su ma abin da ke hannunsu bai isa nasu mutanen ba, don dai Inna ta zo gabanta ne ba za ta kore ta ba. Na yi duk dabarar da na sani, ban motsa ta ba. Lokotoro ya rubuta takarda da Faransanci ya buga hatimi biyu, don hanya.

Da muka juyo gida, jandarma ya duba takardar ya sara mana. A ɓangarenmu ne aka tsayar da mu. Wani mai kaki ya zazzage jakar Luba, ya ɗaga kwalbar a rana, ya ce wannan kayan maye ne, mun shigo da shi daga waje. Na miƙa takarda. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi ba ya jin Faransanci, a kawo ta Turanci. Na ce a ina za ni samo Turanci a dajin nan? Ya sa kwalbar a aljihunsa ya koma inuwa. Buhu nawa na ƙwaya ke wuce shingen nan a kan babura, shi ya sani, ni ma na sani. Muka yi awa biyu a rana, lokacin ba Inna magani ya yi ya wuce, na ga ta fara jan bakin mayafi. Na shiga lissafin abin da zai karɓa. Luba ba ta jira ni ba. Luban da muryarta ke rawa a gaban farar riga ta je ta tsaya a kansa ta ce, "Taho ka ga mai shan kayan mayen." Ta ja shi har bayan mota, ta ce mini in juya baya, ta ɗaga zanen Inna ta kware auduga. Ban ga fuskarsa ba. Na dai ji ya ce, "Subhanallahi," na ji ƙarar kwalbar da ya ajiye a kan ƙarfen mota. Matar da ta ɓoye ciwonta shekara guda don kunya, sai da aka buɗe ta a bakin titi gaban baƙon namiji kafin a bar ta ta sha maganinta. Wannan ban yafe ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne ribar tafiyar. Inna ta koma shan fura. Ta sa aka fito da ita tsakar gida da hantsi, ta raba wa jikoki kwanoninta da kanta, ta aika aka kira wata ƙawarta da suka yi shekara ba sa magana suka shirya. Luba ta tare a wurinta. Da kwana goma sha uku suka cika na hau babur na ƙetara da katin da tsohuwar kwalba, bayan Luba ta juye ragowar a wata, na dawo da sabuwa. Na sa wani malamin makaranta ya fassara takardar zuwa Turanci, ba wanda ya sake tare ni.

Zuwa na uku ne aka kai hari a hanyar, ina can hayi. Aka hana kowa wucewa. Kwalba cike a aljihuna, ina zaune a shagon Alhaji Isufu, tsakanina da Inna tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Luba ta kira ta ce ragowar ta ƙare. Na ce ta aika Sabon Birni, ta aika Isa, ko'ina. Aka zagaya, ba inda ake da shi, kuma da ma na san haka. A ƙasar Gobir kaf ta ɓangarenmu ban san ƙofa ɗaya da za a ƙwanƙwasa a samu abin da zai kwantar da mai ciwon ajali ba. Wanda ya san ta ya zo shagona ya ƙaryata ni, za ni yi masa godiya. A rana ta uku na samu wani ɗan acaba da ya yarda ya bi da ni ta cikin gonaki, muka ratso dawa muna sauka muna turawa.

Da azahar na iso Unguwar Lalle. Tun daga bakin zaure na ji ta. Shekarata hamsin da 'yan kai, ban taɓa jin muryar Inna ta tashi haka ba. Tana kiran Allah, tana kiran uwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba. Na yi sallama da ƙarfi, don sabo. Kukan ya yanke kamar an sa wuƙa.

Luba ta fito da gudu. Na miƙa mata kwalbar, na ce, "Ki ce mata aike na ba da, ni na wuce kasuwa."

Ta ce, "Yaya, ta ji muryarka."

"Ki ce na tahi. Ki bar ta ta yi kukanta har maganin shi kama."

Na fita na zagaya bayan katanga na zauna a ƙasa, inda ba za ta gan ni ba. Jim kaɗan kukan ya dawo. Na zauna ina ji, ban motsa ba. Ya yi ta raguwa, ya koma nishi, nishin ya koma shiru. Can Luba ta leƙo ta kan katanga ta ce ta yi barci.

Kwana shida bayan nan Inna ta cika, da hantsi, a ɗakinta, tana barci.